Malam, Kada Ka Saki Wayar!

Shekara shida rabona da gida a lokacin. Zamanin soja ne, kuɗin mai na yawo a Sakkwato, amma ba su san ɗakina a Runjin Sambo ba. Ko Mama na da rai, ban sani ba.

Na sayo tsohuwar rediyo, ba ta magana sai maƙwabcina Malam Bello ya riƙe wayar eriya. Ina cikin murɗawa na ji: "Saratu daga Kagoro tana gaida ɗanta Bitrus birkila."

Sunan Mama ke nan, da nawa.

"Malam, kada ka saki!"

"Ko hannuna shi tsinke! Wanga akwati, ina yas san tsohuwakka?"

Abin da na tara ke nan a shekarun: rediyo ɗaya, gaisuwa ɗaya. Ku fa, muryar wa ta taɓa nemo ku haka?