Lawwali da Ƙudan Karan Dafi

A Illela an san Lawwali da karan dafi, jar dawar nan da majema suke rina fata da ita. Irin da yake shukawa gadon mahaifinsa ne, daga Tozai har Lafani babu mai irinsa. Matarsa ta rasu ba haihuwa, bai sake aure ba. Sai ya koma kwanciya rub da ciki a gona yana leƙen bayan ganye, har aka riƙa tsokanarsa wai ya zama surukin ƙuda.

Shi kuwa ba hauka yake ba. Wani ɗan ƙuda ne toka-toka, bai kai na gida girma ba, yakan ajiye farin ƙwai a bayan ganye tun dawa tana ƙarama. Tsutsa ta fito, ta gangara cikin kara ta yanke zuciyar, ganyen tsakiya ya bushe. In ka ja shi sai ya zare, yana wari. Lawwali ya lura shukar ruwan farko takan tsira, ta makara ce abincin ƙudan, kuma duk tushen da ya kamu tugewa yake ya ƙone. Manoma dai kambun baka suke cewa. In ya fara bayani, sai kowa ya tuna yana da wurin zuwa.

Shekarar da Turawa suke kafa alamun iyaka tsakaninsu da Faransa, ranar da ruwan shuka ya sauka aka tasa shi ɗaukar kaya. Kwana ashirin da uku yana tafe da akwati a ka, yana ganin ƙudan a gonakin Garu, yana ganinsa har bayan alamun. Wasu 'yan dakon 'ya'yansu sun shuka musu. Shi babu wanda ya ko leƙa gonarsa.

Da ya dawo ya tarar ƙwari sun fara cin irin cikin gora, ba zai kai baɗi ba. Ya shuka duka, ya san abin da zai biyo baya. Cikin mako uku zuciyoyi suka bushe kusan ko'ina, ya kama tugewa yana tarawa yana cinna wuta.

Hindatu, tsohuwar da gonarta take maƙwabtaka da tasa, ta tsaya tana kallo. "Lawwali, mi kaka yi haka? Bar su mana, Allah na iya tashe su."

"Inna, abin da ya mutu ya mutu. In nib bar su, ƙudan ƙaruwa za shi yi."

Kwana uku yana wannan aiki. Kunya ɗaya ta rage masassara ta kayar da shi, ya yi mako biyu a ɗaki yana jan jiki zuwa randa, kaɗaici ya fi ciwon cin sa.

Da ya samu ƙafa ya koma don ya ƙarasa. Kunyar nan ta yi kore shar. Kowane tushen da ƙudan ya kashe wa zuciya ya fitar da 'ya'ya uku ko huɗu daga gefe, jajaye, suna miƙewa. Ashe iri zai samu daga nan, ko da cikin tafin hannu biyu ne.

Ya zauna a ƙasa, ya dubi sauran kunya arba'in da ya mayar toka da hannunsa. Shekara ashirin yana bin ƙudan nan, bai taɓa barin tushe ɗaya ya nuna masa abin da zai iya ba.