Kujera Ɗaya a Jar Mota

Tun da yarinyar ta fara rarrafe hankalina bai ƙara kwanciya ba. Duk abin da ta tsinta sai baki: tsakuwa, ƙwallon dabino, har kashin awaki. Ga shi 'yar fari ce, a garinmu kuwa, nan gefen Bebeji, uwa ba ta nuna ta damu da ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta rawar jiki a kansa gaban surukai. Sai dai in bi ta da wutsiyar ido, in ta kai hannu baki in yi gyaran murya ko Inna, uwar mijina, za ta waiga.

Ran nan da kaka muna ɓare gyaɗa a tsakar gida da hantsi. A kan idona yarinyar ta ɗauki ƙwaya. Na yi gyaran murya, Inna ba ta ji ba, ni kuma na ji nauyin zabura gaban facalolina. Kafin in yanke shawara ta sarƙe. Inna ta kifa ta, ta bubbuga bayanta, ba abin da ya fito. Numfashinta ya koma fito, leɓenta ya soma duhu.

Maigidana ya sungume ta zuwa bakin titi, muka bi shi. Motocin gyaɗa sun wuce tun sassafe. Amma a gindin tsamiya akwai wata jar mota da ban taɓa ganin irinta ba, gajeriya, cikinta kamar zai shafi ƙasa, gaba dogo, ba rufi, ƙafafunta da wayoyi irin na keke. Direban, wani dattijon makanike, ya tsaya zuba mata ruwa, zai kai wa Baturensa ita Kano. Ya kara kunne a ƙirjin yarinyar.

"Sai asibiti. Amma kujera ɗaya ta rage, motar tsere ce. Kuma a ba ni wanda za ta yi shiru a hannunsa. In ta yi ta kuka abin zai zarce."

A hannun ubanta mimmiƙewa take, tana miƙo mini hannu. Inna ta karɓe ta, ta gwada shiga, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa.

"Wannan mota ce ko kwacciya? Ku ɗaga ni!"

Kowa ya kalli kowa, ba wanda ya kalle ni. Ban san sanda na ratsa maza ba. Na karɓe ta, na kira sunanta da ƙarfi, karo na farko a bainar jama'a. Wata facalata ta riƙe haɓa.

Inna ta ce, "Shiga, 'yar nan. Kunyar ta jira ki a gida."

Na shiga, ya tayar da motar, ƙarar ta shiga har haƙorana. Hanya duk gargada ce, muna ta jijjiga, iska na neman fizge mini mayafi. Na ce, "Baba, don Allah a hankali!"

"Ƙanwata, a hankalin ne ke jijjiga. Irin wannan hanya sai an taka, ƙafa ta bi kan tudun gargadar. Zaunar da ita, kar ki kwantar, kar ki rufe mata fuska."

Ya canja giya, ya taka. Gaskiyarsa, jijjigar ta kwanta, sai gonakin dawa ke wucewa kamar ana jan zane. Ya yi ta magana da ƙarfi, ina jin don kar in yi ihu ne. Wai motar silinda shida gare ta, jikinta goran-ruwa ne, wato alminiyam, don kar ta yi nauyi, a ƙasarsu ta sha yini da kwana tana zagaye fili ɗaya ana canja mata direba, ta kuma sha zuwa ta ɗaya. Ni dai ƙirjin yarinyar nake ji a tafin hannuna.

Bayan wata kwana sai ga shanun Fulani sun cika titi. Ya danna birki, motar ta yi gefe da gindi ta tsaya. A nan fiton ya ɗauke. Na girgiza yarinyar, shiru.

"Baba, ta daina!"

"Hura mata a fuska! Hura!"

Na hura, na sake hurawa. Ta ja wani siririn numfashi. Ya bi gefen gona ya zagaye shanun, ya sake takawa har ƙofar asibiti.

Likita ya zura mata wani siririn ƙarfe a maƙogwaro, ya fito da ɓarin gyaɗa. Da na fito neman dattijon, mai gadi ya ce ya tafi tun da ya ji ta yi kuka. Ko sannu ban yi masa ba, sunansa ma ban tambaya ba.

Mai karatu, in ka san wani makanike a Kano, mai furfura a gemu da tabon ƙuna a hannun hagu, wanda ya taɓa tuƙa wa Bature jar motar tsere, don Allah ka gaya masa yarinyar ta rayu, har ta isa aike. Ka ce uwarta ta gode.