Malam Isyaku Mai Ɗaura wa Waya Zare

Kullum da hantsi Malam Isyaku yakan buɗe shagonsa a Gyadi-Gyadi, ya jona ƙarfen soda na liƙa wayoyi, sannan ya fito da zaren ɗinkin hula. Akwatunan ƙyanƙyasar ƙwai yake haɗa wa matan Tarauni. A kan ƙaramar kwamfutar kowane akwati yakan ɗora fanel mai jerin ƙusoshi, inda ake soka wayoyin na'urar auna zafi da na ɗan moton da ke juya farantin ƙwai. Kowace waya sai ya ɗaura mata zare, ya ɗiga fenti mai launin zaren a gindin ƙusarta. Mun sha tsokanarsa cewa tela ne ya ɓata hanya.

Husaina ta Ƙauyen Alu ce ta rufe mana baki. Akwatinta cike yake da ƙwan maƙwabta da aka ba ta amana, ƙyanƙyasa ta kusa. Wata rana da azahar ta sunkuya zuba ruwa, gyalenta ya fizge wayoyin na'urar zafi. Lambar da ke nuna zafi ta ɓace, ƙwan fitilar da ke ɗumama cikin akwatin ya ƙi mutuwa. In ta bar shi, ƙwai su dahu. In ta kashe, su huce. Malam kuwa yana layin likitan ido.

Ta kira shi a waya. Ya sa ta zare soket, ya gargaɗe ta cewa idan ta saɓa wayoyin, na'urar za ta ƙone.

"Baba, na cire soket ɗin."

"Wane zare kika riƙe?"

"Ja."

"Nemi ɗigon ja. Kada ki kalli komai sai shi."

Ta soka ja, ta soka baƙi, ta soka ɗorawa, ta mayar da soket. Shiru. Can lambar ta dawo, moto ya yi ƙara, faranti ya karkata. Ƴan tsakin da suka fito har gidana aka kawo biyu.

Malam, kai ne ka haɗa aiki yadda za a iya gyara shi ko ba ka nan. Raina ya sosu da na ji idon ya ƙi, za ka rufe shago. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Masu sana'a, ku riƙa barin alama don wanda zai zo bayanku.

Jiya na tarar da Husaina a shagon. Malam ya ɗaga wata waya mai zare yana tambaya, ita ce ke faɗa masa launin zaren.