Ranar da Na Karɓi Haihuwar Karyata

Aji uku na yi a firamare, shi ma rabinsa a daji na yi shi da awakin babana. Saboda haka duk ilimin da na shigo Kaduna da shi na akuya ne. Da shi na samu aiki a masaƙa a Kakuri cikin shekarun tamanin, da shi na yi aure, da shi kuma na kusa halaka karyata.

A bakin layin dogo na tsince ta tana 'yar kwikwiya, ja, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Da na shigo da ita gida matata ta ce, “Malam, maza na dawowa da nama, kai ka dawo da najasa.” Na ce gadi za ta yi mana. Aka ware mata kwanonta, aka kafa mata doka kada ta taka ɗaki. Gadi dai ba ta taɓa yi ba. Karyar nan ba ta san tafiya ba, sai gudu. Kullum da safe in na hau kekena tana biye da ni har ƙofar masaƙa, ta tsallake babban titi tsakanin tireloli kamar ubanta ne ya yi titin, sannan ta koma gida ita kaɗai.

Tana da shekara guda da 'yan watanni na ga nonuwanta sun fara cika. Na zauna na yi lissafi irin na masana: akuya wata biyar take yi, karya kuwa tsayinsu ɗaya da akuya, ƙafa huɗu huɗu, to wata biyar ke nan. Na bar ta ta ci gaba da tsere da motoci, a cewata akwai sauran lokaci.

Wata safiya wata tifa ta wuce ta da kamar taki ɗaya, iskar motar ta wurga ta cikin kwata. Ta fito tana ɗingishi, cikin yana lilo. Ranar har aka tashi aiki zare sai tsinkewa yake a hannuna. Na san in ta sake bin keken nan, wata rana gawarta zan ɗauko da 'ya'yan a ciki.

Na ɗaure ta da igiya, ta cinye igiyar. Na sa mata sarƙa, ta yini tana kuka tana fisga har wuyanta ya saɓule. Kukan ne ya fito da maƙwabciyarmu, wata mata 'yar Filato mai sayar da abinci a ƙofar masaƙa, wadda a cikin karnuka ta tashi a garinsu. Madam muke ce mata. Ta durƙusa ta shafa cikin.

“Malam, cikin nan wata nawa?”

“Ɗaya da rabi. Saura uku da rabi.”

“Wa ya gaya maka?”

“Akuya.”

Sai da ta dafa bango don dariya. “Wayyo Allah, Malam! Karya wata biyu ne. Sati biyu ya rage maka. Cire sarƙar nan kafin ta shaƙe kanta. Ka riƙa fita da ita a ƙafa, a hankali, har ta gaji. In ta gaji ba za ta bi keke ba.”

Haka na koma. Ana idar da sallar asuba sai in canza riga, in riƙe igiya, mu bi bayan layin dogo ni da ita. Ita ke ja, ni ke haki. Mai shayin unguwarmu in ya hango mu sai ya ɗaga murya, “Malam, awo za a kai ta asibiti?”

In ce, “Ƙwarai. Taho a haɗa da tumbinka, ya fi nata watanni.”

Madam ta ce a riƙa ba ta abinci kaɗan kaɗan, mai maiƙo. Sai kifi ya fara ɓacewa a tukunyar miya. Matata ta tambaya, na ce mage ce. Ta ce, “Magen nan dai gemu gare ta, kuma tana rufe tukunya in ta gama.”

Naƙudar ta zo ranar Lahadi da hantsi, Madam tana coci. Na riga na shimfiɗa mata buhu cikin wani kwali a rumfar kaji. Ta shiga ta fita, ta tona buhun, ta yi nishi, sai ga na fari ya faɗo cikin jakarsa. Ta waiwaya ta gan shi. Wallahi tsalle ɗaya ta yi ta dire waje, ta tsaya tana yi masa haushi kamar ta ga maciji. Shi kuwa yana kwance cikin jakar, ko motsi babu.

Na ƙwala wa matata kira. Ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce, “Ni? Allah Ya kiyaye.” Amma ba ta koma ciki ba.

Na tuɓe riga na durƙusa. Na yaga jakar da farce, na share masa hanci da baki, na kama murza shi da tsumma. Shiru. Na ƙara murzawa ina cewa tashi mana, ɗan banza, kada ka kunyata ni gaban matar nan. Sai ya buɗe baki ya yi wani ɗan siririn kuka. Na ɗaure cibiyar da zaren masaƙa da ke aljihuna. Ina neman abin yanka, sai na ga an miƙo mini sabuwar reza ta saman kafaɗata.

Saura uwar. Na kamo ta, na matse ta tsakanin gwiwoyina, na kai mata shi bakin hanci. Ta yi gurnani. Na ce, “Ke shashasha, naki ne. Ni na aike ki yawo?” Ta shinshina. Ta lasa sau ɗaya, ta dube ni, ta sake lasa. Daga nan ta ƙwace, ta koma kwalin da kanta ta kwanta. Na biyu da ya zo ko hannu ban sa ba, sai ka ce ta shekara goma tana haihuwa. Kafin azahar sun cika bakwai, duka da rai, sun jeru a cikinta suna tsotso.

Madam ta dawo da kayan cocinta, ta ƙirga su sau biyu, ta rangaɗa guɗa. “Jama'a, ku fito ku ga ungozoma mai gemu!” Duk gidan hayar da muke zaune aka fito. Na tsaya ba riga, jini har gwiwar hannu, ina amsa barka kamar wanda ya ci zaɓe.

Matata ta kawo mini ruwan zafi da sabulu da ƙasa, ta tsaya a kaina sai da na wanke sau bakwai. Can anjima ta fito da kunun kanwa mai ɗumi, ta zuba a kwanon karyar, ta tura shi da ƙafa har bakin kwalin.

Na ce, “Nawa fa?”

Ta ce, “Kai ka haihu?”