Rediyon da Bai Yi Shiru Ba

Abokan aikinsa ne suka raɗa masa Sai-Na-Gani, kuma laƙabin ya bi shi har ya binne sunansa na gaskiya. Shekara ashirin da shida ya yi yana duba aikin wutar lantarki a sababbin gine-gine, domin hukuma ba ta yarda a tare a gida ko a buɗe shago sai ya sa hannu a takarda. Mutum ne dogo, mai ƙarancin magana, wanda ba ya rabo da sukurdireba a aljihun gaba. Abin da ke tafe na tattara shi ne daga bakinsa, da bakin matarsa, da kuma takardun ofishinsu.

Mahaifinsa direban babbar mota ne, kuma shi ne na huɗu cikin 'ya'ya bakwai. Yana da shekara goma sha biyar aka kai shi koyon aiki wurin wani gwani da kowa ke kira Baba Mai-Waya. Shekara tara ya yi a hannunsa kafin ya ci jarrabawar hukuma ya zama sufeto. Duk da haka bai taɓa zama a kujera a gaban maigidan nasa ba.

Akwai wani irin soket da doka ta ce a sa duk inda ruwa da wuta ke maƙwabtaka, kamar banɗaki da kicin da wurin wanki. Idan wuta ta ɓalle ta bi ta ruwa ko ta jikin mutum zuwa ƙasa, soket ɗin yakan yanke ta kafin ƙiftawar ido. Yana da maɓalli biyu a fuska, baƙi na gwaji da ja na mayar da wuta. A bayansa kuma akwai wuri biyu na ɗaura waya: ɗaya na wadda ke kawo wuta daga mita, ɗaya na wadda ke wucewa da ita zuwa sauran soket. Baba Mai-Waya yana kiran ta farko baƙuwa, ta biyu matafiyiya, kuma duk wanda ya koyi aiki a wurinsa ya haddace ƙa'idarsa: baƙuwa sama, matafiyiya ƙasa.

Yadda ake gwaji a ofishinsu kuwa bai wuce danna baƙin maɓalli ba. In ya yi ƙara tas, an yi lafiya, sai a danna ja a wuce gaba. Ginin da ake dubawa fanko ne, ba a riga an jona kome ba, saboda haka kunne ne kaɗai shaida. Haka Sai-Na-Gani ya tarar, haka ya yi shekara goma sha tara.

Wata ranar Talata da hantsi aka tura shi wani sabon shagon gyaran gashi. Mai shagon ta ƙagu, ta riga ta shigo da kayanta tun kafin a duba. Kujeru uku na jere gaban madubi, ga kwanon wanke kai a lungu, ga rediyonta jone da soket ɗin da ke gefen famfo, ana ta karanto labarai.

"Yallaɓai, don Allah a yi mini da sauri," in ji ta. "Sati biyu ina jiran sa hannun nan kamar mai jiran haihuwa."

"Wa ya yi miki aikin?"

"Baba Mai-Waya da kansa."

"To ai kin gama. Ni zuwa na yi in gaishe da aikin."

Ya durƙusa ya danna baƙin maɓalli. Ya yi tas. Ya kai yatsa kan jan, sai ya tsaya cak. Rediyon bai yi shiru ba.

Ya mayar da wuta, ya sake dannawa. Tas. Mai karanta labarai na ta zuba abinsa. Ya zare rediyon, ya duba ko da batir a cikinsa, ya ga babu. Ya jona na'urar busar da gashi, ita ma ta kama huci.

"Lafiya, Yallaɓai? Ka yi kamar wanda ya ga kabarinsa."

Ya je ya kashe wutar shagon daga tushe, ya kwance soket ɗin ya juya bayansa. Baƙuwa na sama, matafiyiya na ƙasa, daidai yadda aka koya masa. Amma da ya kai shi bakin taga, sai ya ga ƙananan haruffa da aka zana a jikin robar suna cewa akasin haka. A irin wannan soket, wurin baƙuwa a ƙasa yake. Idan aka juya su, maɓallin zai yi ƙararsa, ya yanke wutar da ke wucewa gaba, amma fuskar soket ɗin kanta tana nan da wuta. In mace ta taɓa lalatacciyar na'ura da jiƙaƙƙen hannu, babu abin da zai tsaya tsakaninta da lahira.

Ya faɗa mini cewa ba shagon ne ya fi damunsa ba. Abin da ya zaunar da shi a kan tayil, har mai shagon ta kawo masa ruwa, shi ne tunanin gidaje nawa Baba Mai-Waya da yaransa suka yi wa aiki, da kuma sa hannun wane ne a kan takardunsu.

Bayan azahar ya sami maigidansa a rumfarsa, yana warware wata tsohuwar fanka.

"A'a, hukuma da kanta! Yau wa za a kama?"

"Baba, ka duba mini wannan."

Tsohon ya karɓa ya jujjuya. "Aikina ne. Ko makaho ya shafa ya san hannuna."

"Ka karanta bayansa, Baba."

"Ni zan karanta bayan soket? Ɗan nan, ina ɗaura waya tun kana tsoron ƙwan fitila."

"Don girman Allah ka sa tabarau."

Ya sa, yana tsaki. Ya daɗe yana kallo. Sa'an nan ya tashi ya buɗe wani akwati, ya ɗauko irin na da, wanda ya koya a kansa, ya jera su biyu a kan benci. Na da, baƙuwa sama. Na yanzu, baƙuwa ƙasa. Masu ƙerawa sun sauya tsari tun shekaru da yawa, sun rubuta a jiki da cikin kwali, shi kuwa hannunsa ya riga idonsa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji shi. "Mutum goma sha ɗaya na yaye. Su ma sun yaye wasu."

"Ni kuma na sa hannu, Baba."

Washegari Sai-Na-Gani ya kai ƙarar kansa. Takardar tana nan a ofis, shafi ɗaya da rabi, kuma sunansa ya fara rubutawa kafin na kowa. Shugabansu ya so a gyara abin a ɓoye, shi kuwa ya ce gidan da ba a sani ba ba ya gyaruwa. Aka zaƙulo takardun shekara goma sha tara, aka ware gine-gine ɗari uku da sittin da huɗu. Daga ranar ya riƙa yawo da ƙwan fitila mai fulogi: a jona, a danna, in bai mutu ba a kwance soket.

Da gidansa ya fara, tun da shi ya yi aikin da hannunsa. Fitilar ta ƙi mutuwa a gefen injin wanki. Matarsa ta dafe ƙirji.

"Shekara nawa ina tsaye a nan ƙafata cikin ruwa? Kai da ake ce wa Sai-Na-Gani, ashe sai-na-ji ne!"

Ya ce ba wasa take yi ba.

Wata goma sha huɗu suka yi suna bi gida gida, shi da tsohon, wanda ya ƙi a bar shi a baya. A cikin wata na tara suka ƙwanƙwasa ƙofar wani gida mai ɗaki uku a ƙarshen layi. Wata mata mai matsakaicin shekaru ta buɗe, suka yi mata bayani, ta kai su banɗaki. Fitila ta ƙi mutuwa. Tsohon ya durƙusa yana kwance soket, ita kuwa ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo.

"A nan maigidana ya faɗi," ta ce. "Shekara shida ke nan. Yana aski da inji bayan ya yi wanka. Aka ce zuciyarsa ce."

Sukurdireba ta suɓuce daga hannun Baba Mai-Waya.

Wajibi ne in faɗa a nan cewa babu wata hujja da ta tabbatar wuta ce ta kashe mutumin. Ba a bincika gawar ba, an jefar da injin askin, kuma an san yana da hawan jini. Sai-Na-Gani ya san duk wannan, kuma yana iya yin shiru. Amma ya fito da kwafin takardar gidan, ya nuna mata sa hannunsa, ya faɗa mata abin da soket ɗin ya kamata ya yi da abin da ba zai iya yi ba.

Ta zauna a bakin bahon wanka.

"Wato mai yiwuwa ne da yana nan."

"Mai yiwuwa ne. Ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba."

"Shekara shida ina zargin kaina, ina cewa ni ce ban matsa masa ya sha magani ba." Ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "Gidaje nawa suka rage muku?"

"Ɗari da ashirin da biyu."

"To me kuke yi a nan? Ku ɗaura ku tafi."

Suka ɗaura, suka gwada, fitila ta mutu. Ba ta raka su ƙofa ba, ba ta kuma amsa sallamarsu ba. Duk da haka, ranar sai da suka shiga gida huɗu kafin su koma.