Waƙafi Biyu na Dilruba

Duk wanda ya taɓa karɓar albashi a masaƙar silikin Haji Mokbul da ke Rajshahi ya san Dilruba Mondol. Shekara goma sha shida tana ofishin kuɗi, ko taka ɗaya, wato kuɗin ƙasarsu, bai taɓa salwanta a hannunta ba. Mahaifinta dillalin mangwaro ne, shi ya koya mata karanta lamba tun ba ta iya ɗaura zanen sari ba. "Kar ki wahalar da kanki wajen ƙirga sifiri," yakan ce. "Waƙafi za ki duba. In biyu ne, lakh ke nan." Haka kuwa kowa ke rubutawa a garin, 1,00,000, lakh ɗaya, wato dubu ɗari.

Tana da shekara talatin da tara manajan kuɗi ya yi ritaya. Haji Mokbul ya ce kujerar tata ce, amma 'ya'yansa sun kafe sai mai takardar jami'a. Ya ba ta shekara guda. Da girmanta da komai ta ɗauki jaka ta shiga ajin Juma'a da Asabar, karatun tafiyar da kuɗin kamfani.

Kai, baiwar Allah ta sha ruɗu! Ranar farko malaminsu, Farfesa Talukdar, ya ce taka ta yau ta fi ta gobe daraja. Ta zaro ɗaya daga jaka ta jujjuya, ba ta ga inda za ta ragu kafin safiya ba. Sati na gaba ya ce kamfani na iya cin riba kuma ya mutu don rashin kuɗi. Wannan kam ta gane, don ta sha gani da idonta, sai dai da ya zana shi a allo da haruffan Girka sai ta daina ganewa. Mijinta Sobhan, tela, ya riƙa tsokanarta: "Manaja, yau me aka koya miki da kika riga kika sani?"

Ta dage, har ta haddace ƙa'idojin kamar karatun allo. Littafin dai na ƙasar waje ne, da miliyan yake magana, waƙafinsa kuma bayan kowane sifiri uku. Ta san da haka sarai. Amma sabo turken wawa.

A jarrabawa aka tambaya ko ya dace kamfani ya sayi injin saƙa na taka 5,000,000, wanda zai riƙa kawo lakh takwas a shekara har shekara biyar. Idonta ya ga waƙafi biyu, hannunta ya rubuta lakh biyar. Wannan ai garaɓasa ce! Ta cika shafi uku tana cewa a saya. Ashe lakh hamsin ne. Maki huɗu suka kayar da ita.

Ta sami Farfesa a ofis. "Malam, ai hanyar lissafina daidai take."

"Daidai take, ko ni ba zan fi haka ba. Amma kin sayi injin da zai kashe kamfani."

"Ni? Shekara goma sha shida..."

"Ki dawo baɗi, Dilruba."

Kujera ba ta jira baɗi ba. Aka kawo wani Shafkat daga Dhaka, babban birnin ƙasar, mai digiri biyu daga waje. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, kwana uku ba ta iya cin shinkafa ba.

A sati na biyu da zuwansa ya tsaya gaban teburinta riƙe da takardar cinikin zare, yana sosa ƙeya. Ya duba hagu da dama, ya rage murya, ya kira ta Apa, wato Yaya.

"Apa, don Allah kar kowa ya ji. Wannan waƙafin naku, miliyan nawa ke nan?"

Ta dubi takardar, ta dube shi. Ta rasa dariya za ta yi ko kuka, ta kuma rasa me aka gwada a jarrabawar nan. Ta faɗa masa. Ya yi godiya, ya koma ofishin manaja ya sa hannu.