Gangar da Ba Mijinta Ya Buga Ba

Shekara goma sha tara ta yi tana duba tikiti a jirgin ƙasan da ke kai ma'aikata cikin gari da safe, ya maido su da yamma. Anti Bincike abokan aikinta suke ce mata, da farko a bayan idonta, daga baya har a gabanta, ita kuwa ko a jikinta. Tun tana yarinya haka take. In mahaifiyarta ta aike ta kanti, sai ta juya gwangwani ta karanta ranar lalacewarsa kafin ta karɓa. A jirgi ma ba tikiti take fara kallo ba, fuskar mai shi take kallo. Wanda ya cika fara'a, ko ya rufe fuska da jarida yana baccin ƙarya, a kansa take tsayawa.

Mutum ɗaya ne ba ta taɓa bincika ba, mijinta. Bahago ake kiransa, don da hagu yake komai. Gyaran firij ne sana'arsa, amma ranakun hutu shi ne mai ganga a wata ƙungiyar kiɗan rok da suka sa wa suna Tartsatsi. Su huɗu ne: shi, da masu jita biyu, da mawaƙinsu Mai Gashi, wanda Bahago ya girme shi da shekara tara, shi ya sa yake kiran Bahago Yaya. A garejin bayan gidan suke atisaye, a tsakiyar matattun firij da tukwanen gas, shekara goma sha ɗaya cur. Tana wanke-wanke tana jin su ta taga, har ta haddace bugun mijinta kamar yadda ta san takunsa a bakin ƙofa. Ƙafarsa ta dama, wadda ta taɓa karyewa, tana ɗan makara a kan fedar da yake takawa ya buga babbar ganga. Kaɗan ne ƙwarai, ba kowane kunne zai kama ba.

Wata rana wani manaja ya ji su a zauren wani otal, ya kwashe su zuwa situdiyo na mako biyu. Daga nan waƙar "Ruwa Bisa Kwano" ta fito. Kafin wata ya cika ta cika gari. Gidajen rediyo suna sa ta safe da yamma, masu aski suna sa ta, wani kamfanin waya ya saye ta don talla, aka fara sayar da riguna masu hoton su huɗun a bakin tasha. Bahago ya rufe shagon gyara, ya ɗinka sabuwar kwat. Maƙwabtan da a da suke buga musu katanga saboda hayaniya, yanzu su ne masu cewa ai tun farko sun san yaran nan za su yi nisa.

Ita kuwa ba ta saurari waƙar da kyau ba sai wata safiya a tarago na uku, inda wata mata ta ƙure ta a wayarta. Anti Bincike ta tsaya da abin huda tikiti a hannu. Muryar Mai Gashi ce, jitar ma tasu ce. Amma gangar miƙe take sambal kamar an ja ta da rula, babu makarar nan ko ta ƙiftawar ido. Da aka zo wurin da ake zagaye gangunan gaba ɗaya, sai ta ji daga dama aka faro, alhali mijinta daga hagu yake farowa. Ta huda tikitin matar sau biyu ba ta sani ba.

A gida sai ta sa ido. Ta lura cewa a hoton rigunan mijinta ne a can baya, kafaɗar mai jita ta rufe masa rabin fuska. Ta lura Mai Gashi, wanda a da sai ya shiga har kicin ya buɗe tukunya, yanzu daga cikin mota yake ɗaga mata hannu. Manajan ya zo gidan sau ɗaya da kwandon 'ya'yan itace, yana murmushi tun daga ƙofa har ya fita, ita kuwa ta san irin wannan murmushin a jirgi. Sai kuma ranar da Bahago ya ce ya tafi atisaye, ta buɗe durowa ta tarar da sandunan gangarsa a kwance. Nan ta yanke hukunci: so suke su ture shi yanzu da abin ya yi daɗi, shi kuma kunya ta hana shi faɗa.

Da safe yana karyawa ta zauna gabansa.

"Baban yara, wa ya buga gangar waƙar nan?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Ba sunana ne a jiki ba?"

"Na ga sunan. Hannun nake tambaya."

Ya yi 'yar dariya. "Ke ba ki san aikin situdiyo ba. Na'ura ce take daidaita komai, ko tari ka yi sai ta mai da shi waƙa."

"Har ta mai da bahago mai dama?"

Ya duba agogo, ya ce ya makara, ya bar rabin shayinsa.

Ranar hutunta ta sa kayan aikinta, duk da ba aiki za ta ba, don ta san mutane sun fi faɗa wa mai kaki gaskiya. Situdiyon yana hawa na biyu, a saman wani shagon taya. An lulluɓe bangon da soso baƙi, iska ba ta shiga, ga wayoyi a ƙasa kamar an zubar da igiyoyin shanya. Manajan yana hango ta ta gilashi ya manna waya a kunne, ya shige wani ɗaki. Mai Gashi ne ya fito.

"Matar Yaya, ke ce da kanki? Ga kujera."

"A tsaye nake aiki. Shekara goma sha ɗaya kuna cin abincina, kuna shan wutar gidana. Yanzu da duniya ta san ku, shi ne za ku ajiye shi a gefe?"

"Wallahi ba haka ba ne."

"Kar ka rantse mini. Duk wanda na kama a jirgi da rantsuwa yake farawa."

Mai Gashi ya sosa ƙeya, ya dubi ƙofa, sannan ya zauna a kan akwatin lasifika. Ya ce a rana ta uku da fara ɗauka, sanda ta suɓuce daga hannun hagun Yaya har sau huɗu. Yatsunsa ne suke mutuwa, ba ya jin su. Yayan da kansa ya je ya nemo wani mai ganga na haya, ya zauna kusa da shi yana nuna masa bugu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya sa su duka suka yi masa alkawari ba za su faɗa mata ba. A wurin wasa kuwa, gangar da aka ɗauka ce take tashi ta lasifika, shi yana bi a hankali. Manajan ya so cire shi daga hoton baki ɗaya, Mai Gashi ya ce to sai dai a cire su duka.

"Shi ya sa na daina shigowa. Ba zan iya kallon idonki ina cin abincinki ba."

Labarin ya yi mata kyau da yawa, don haka ba ta yarda ba. Ta ce a kunna mata ɗaukar farko. Mai kula da na'ura ya laluba a kwamfuta, ya miƙa mata abin sawa a kunne. Ta ji ƙafar nan mai makara, ta ji bugun da ta sani, sai ƙarar sanda a ƙasa, da muryar mijinta yana cewa a sake. Aka sake. A karo na huɗu numfashinsa kawai ta ji, sannan aka kashe. Ta cire abin, ta ajiye a hankali, ta sauka ba ta yi wa kowa sallama ba.

A gareji ta same shi, yana fama da wani noti da hannun dama.

"Miƙo hannunka."

Ya miƙa na dama.

"Ɗayan."

Ta matsa yatsun ɗaya bayan ɗaya tana kallon fuskarsa. A kan uku daga ciki ko motsi bai yi ba, har da ta sa farce.

"Tun yaushe?"

"Wata bakwai."

"Ni ce ba za ka faɗa wa ba?"

"Shekara nawa kina haƙuri da hayaniyarmu, mutane suna miki dariya kin auri mai buga gwangwani. Ranar da abin ya yi kyau, sai in zo in ce miki ba ni ba ne?"

Ta so ta yi faɗa, amma ta rasa da wa za ta yi. Sai a lokacin ta tuna cewa watanni ke nan da hannun dama yake ɗaukar kofi, da shi yake buɗe ƙofa, a gabanta, kullum. Washegari ta nemi hutun mako guda ta kai shi asibiti.

Likita ya ce jijiya ce ta danne a wuya, ɗaukar firij na shekara da shekaru. Aka yi masa aiki. Yatsa ɗaya ya dawo, biyu ba su dawo sosai ba. Tartsatsi sun fitar da waƙoƙi biyu bayan nan, babu wadda ta kama ƙafar ta farko. A shekara ta biyu manajan ya koma wa wata ƙungiya, sai a lokacin aka gano cewa takardar da suka sa wa hannu ta mallaka masa waƙar kacokan. Anti Bincike ta karanta takardar tun daga farko har ƙarshe, ta ninke, ta ce ai ita tun ranar kwandon nan ta gama da shi.

Bahago ya sake buɗe shago, amma ya daina ɗaukar kaya mai nauyi. Mai gangar hayan nan ya zama ɗan ƙungiya, shi kuma a kowane wasa yana hawa ya buga waƙa ɗaya mai sanyi, da hannunsa, ba lasifika a bayansa. Duk wata uku suna komawa asibiti tare. Ita take shiga gaba, ta sa likita ya yi bayani sau biyu, sannan ta fito ta tare nas a baranda ta yi mata tambayoyin nan dai, ta ji ko bakinsu zai zo ɗaya. Bahago yana zaune a benci da katinsa a hannu, yana ba duk wanda ya wuce haƙuri da ido.